Yadda ƙa'idojin tacewa ke hana goge folda ko su jawo a goge ta, idan kana kwafar shafi daga sabar zuwa sabar

Ina cikin danfo daga Agege zan shiga Ikeja, wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, duba mini shafin nan, hoton kaya ko ɗaya babu, sai farashi kawai." Da na isa ofis na shiga sabar, na tarar foldar `uploads` ba ta nan gaba ɗayanta. Na tambayi yaron da nake koya wa aiki, ya ce, "Oga, wani saƙo ne yake ta fitowa wai an kasa goge wata folda, sai na ƙara abu ɗaya a umarnin, ya daina." Abin da ya ƙara a umarnin tura shafin shi ne `--delete-excluded`. Garin neman gira aka rasa ido. Allah ya taimake mu muna da kwafin ajiya na daren jiya, hotunan da yaran shago suka ɗora da safiyar ranar ne kawai sai da aka sake ɗauka.

Ban ga laifin yaron ba, domin ban taɓa zaunar da shi na nuna masa abin da zan faɗa a nan ba. Zan yi bayanin da rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, wadda har yau yawancinmu da ita muke tura shafi. Sabar da ake aikawa daga cikinta zan kira ta sabar gida, wadda jama'a ke ziyarta kuma sabar waje, ko a Ikeja take, ko a Lekki, ko a Landan.

Abin da ke ƙarƙashin komai

Muna ɗaukar `--exclude` kamar rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka ne, amma rabin aikinsa ke nan. Ƙa'ida ɗaya tana aiki a wuri biyu. A sabar gida ɓoyewa take yi, ba a saka abin cikin jerin da za a aika ba. A sabar waje kuma gadi take yi, ta hana `--delete`, zaɓin da ke goge abin da babu a gida, taɓa shi.

Ga yadda gogewar ke tafiya. Sabar gida tana haɗa jerin fayiloli da foldoji. Sabar waje tana bin kowace folda da ke cikin jerin, ta kwatanta da abin da ke kan faifanta. Duk abin da ta samu a wajenta amma babu a jerin, rara ne, kuma kafin ta goge shi sai ta duba ko akwai ƙa'idar da ke kare shi. Idan rarar folda ce, sai ta shiga ciki ta fara kwashewa daga ƙasa zuwa sama. Da ta ci karo da fayil ɗaya tak mai kariya, za ta bar shi, kuma tunda ba a iya cire folda da kaya a cikinta, foldar ma ta tsaya. A nan ne wannan saƙon yake fitowa:

```
cannot delete non-empty directory: tsoho
```

Ba lalacewa ba ce. rsync yana gaya maka cewa umarninka biyu sun yi karo: ka ce a goge folda, ka kuma ce kada a taɓa wani abu da ke cikinta.

Mataki na farko: gina filin gwaji

Kada ka koyi wannan a kan shafin mutane. Minti biyu ya isa ka haɗa naka:

```
mkdir -p /tmp/gida/css /tmp/waje/css /tmp/waje/tsoho /tmp/waje/uploads
touch /tmp/gida/index.php /tmp/waje/tsoho/a.php
touch /tmp/waje/tsoho/error_log /tmp/waje/uploads/shadda.jpg
rsync -ain --delete --exclude='error_log' --exclude='/uploads/' /tmp/gida/ /tmp/waje/
```

Harafin `n` yana nufin a nuna abin da za a yi ba tare da an yi ba, `i` kuma a jera shi ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga `*deleting tsoho/a.php`, ba za ka ga an ambaci `uploads` ba, kuma `tsoho` ba za ta tafi ba saboda `error_log` da ke cikinta. Wannan fayil ɗin PHP ne ke zubar da shi a foldojin da aka samu kuskure, musamman a sabar da ke da cPanel, manhajar kula da sabar, kuma shi ne ya fi yawan riƙe tsofaffin foldoji a aikina.

Yanzu sake umarnin ka ƙara `--delete-excluded`. Za ka ga `tsoho` ta tafi, ka kuma ga `*deleting uploads/shadda.jpg` da `*deleting uploads/`. Abin da wannan zaɓin ke yi shi ne ya cire wa duk wani `--exclude` aikin gadi, ya bar masa ɓoyewa kawai. Ba ya zaɓe tsakanin shara da dukiya. Abin da ya same mu ke nan.

Wani zai ce a saka `--force`. Ba zai yi magani ba. Aikinsa daban ne: ya ba da damar cire folda mai kaya idan fayil mai suna iri ɗaya zai maye gurbinta, kuma a lokacin da ba a kunna gogewa ba.

Mataki na biyu: yi wa kowace folda tambaya biyu

Nan ne ainihin aikin, kuma da biro da takarda nake yin sa. Ka bi foldojin shafin ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: a aika ta? Idan tana can a sabar waje, a bar ta? Amsoshin su ne za su zaɓa maka ƙa'ida.

Kada a aika, kuma kada a goge. Wannan shi ne `-`, wato `--exclude` da muka sani. Gidan `wp-config.php` ke nan, fayil ɗin saitin manhajar gina shafi ta WordPress, da `.env`, da `wp-content/uploads`, da `.well-known` inda ake ajiye fayil ɗin da hukumar Let's Encrypt ke tantancewa idan za a sabunta takardar tsaron shafi mai wa'adin kwana 90.

A aika, amma kada a goge abin da ke can. Wannan `P` ne, harafin da ake sa wa a gaban suna a cikin `--filter`. Yana da amfani a foldar da ɓangarori biyu ke zuba kaya, kamar ta takardun farashi, wadda ni nake saka wasu daga ofis, yaran shago su ɗora wasu daga waya. Sai dai akwai rami biyu a nan. Na farko, `P /takardu/` foldar kanta kawai take karewa. Idan foldar tana nan a sabar gida, rsync zai shiga cikinta a sabar waje ya goge duk abin da babu a gida, domin sunayen fayilolin ciki ba su dace da ƙa'idar ba. Rubuta `P /takardu/***`. Taurari uku suna nufin foldar da duk abin da ke ƙarƙashinta. Na biyu, `P` gogewa kawai take hanawa, ba ta hana dannewa. Idan akwai `farashi.pdf` na bara a sabar gida, zai hau kan na bana da ke waje. Shi ya sa ni ba na amfani da `P` a kan `uploads`, `-` nake sa mata. Kyawun `P` shi ne ko an saka `--delete-excluded` tana nan daram.

Kada a aika, kuma idan tana can a kwashe. Wannan `H` ne, ɓoyewa ba gadi. Mutane da yawa abin da suke nufi ke nan idan sun rubuta `--exclude='.git'`, amma ba shi suke samu ba. Idan an taɓa tura `.git`, foldar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren shafi, zuwa sabar waje bisa kuskure, `--exclude` zai zauna yana gadinta shekara da shekaru, duk wanda ya san hanya ya iya sauke tarihin shafin da duk sirrin da aka taɓa rubutawa a ciki. Da `H /.git/` kuwa, tura ta gaba za ta share ta. Haka nake yi wa `.DS_Store` da `Thumbs.db` da fayilolin `.sql` da aka manta a bakin shafi.

A bar shi muddin foldarsa na raye, idan foldar za ta tafi ya bi ta. Wannan shi ne maganin saƙon da ya dami yarona, kuma tun rsync 3.0.0 na 2008 yake nan. Ana manna ƙaramin `p` a jikin ƙa'idar:

```
rsync -ain --delete --filter='-p error_log' --exclude='/uploads/' /tmp/gida/ /tmp/waje/
```

Gwada a filinka. `tsoho` za ta tafi da `error_log` ɗinta, `uploads` ba za a taɓa ta ba, kuma duk wani `error_log` da ke cikin folda mai rai zai zauna. Amma ina roƙonka kada ka taɓa manna `p` a kan abu mai daraja. Ka ɗauka wata rana `wp-content` ta ɓace a sabar gida, ko wani ya canza mata suna. Da `- /wp-content/uploads/`, rsync zai kwashe sauran kayan ciki ya tsaya a bakin `uploads`. Da `-p`, har da ita zai tafi.

Akwai kuma `R`, kishiyar `P`, wadda ke janye kariya daga wani lungu a cikin wurin da aka kare. Dole ta zo kafin `P` ɗin, kuma sai babbar foldar tana cikin abin da ake aikawa, in ba haka ba rsync ba zai ma leƙa ciki ba. Ba kasafai nake bukatarta ba.

Mataki na uku: karkataccen layin nan

Alamar `/` tana da ma'ana uku, ya danganta da inda ta zauna.

A ƙarshen ƙa'ida tana nufin folda kawai, ban da fayil mai wannan suna. A farkon ƙa'ida tana ɗaure ta da bakin abin da ake aikawa. Idan babu ita, ƙa'idar za ta kama sunan a ko'ina. Na sha ganin `--exclude='cache/'` a umarnin mutane, nufinsu foldar ajiyar wucin gadi guda ɗaya. Amma a shafin da ke amfani da Composer, manhajar da ke sauko da kayan PHP, akwai `vendor/psr/cache`, wadda ba shara ba ce, ɓangare ce ta injin shafin. Ƙa'idar za ta ɓoye ta ita ma, shafin ya faɗi a sabar waje yana neman fayil ɗin da ba a aika ba. Sannan duk tsohon fulogin da ka cire a gida, idan yana da `cache` a cikinsa, gawarsa za ta zauna a waje da fayilolin PHP da babu mai sabunta su. Rubuta cikakken wuri: `- /wp-content/cache/`.

Na uku, a ƙarshen adireshin da ake aikawa daga gare shi. `/var/www/shafi/` yana nufin abin da ke ciki, don haka sunaye suna farawa daga `/wp-content`. `/var/www/shafi` ba layi yana nufin foldar kanta, sunaye su koma `/shafi/wp-content`. Idan wani ya cire layin ya mai da inda ake kaiwa `/var/www/`, kayan za su sauka daidai, amma `- /wp-content/uploads/` ba ta ƙara dacewa da komai ba. Gadi ya tashi, `--delete` ya shiga.

Kada kuma ka rubuta `/var/www/shafi/*`. Tauraron, kafin ya isa wurin rsync, an riga an warware shi zuwa sunayen abin da ke nan yanzu. Foldar da ka goge a bakin shafi ba za a goge ta a waje ba, kuma a tsarin da aka saba `.htaccess` ba zai je ba.

Mataki na huɗu: jeri

Ƙa'idar da ta fara dacewa ita ke yanke hukunci, sauran ba a duba su. Kuma idan an ɓoye folda, ba a shiga cikinta, don haka duk `--include` da ka rubuta wa wani abu a ciki ya tashi a banza.

Wurin da wannan ya fi rikita mutane shi ne idan ana son tura nau'in fayil ɗaya kawai, kamar `--include='*/' --include='*.html' --exclude='*'`. Tare da `--delete`, foldar da babu a gida za a yi yunƙurin goge ta, a kwashe `.html` ɗin ciki, sai hotuna da sauran kaya su riƙe ta saboda `*` na gadinsu. Za ka samu folda rabi a goge. Idan ka ƙara `-m` don kada a aika foldoji marasa komai, ka sani ana cire su daga jerin ne gaba ɗaya, don haka sabar waje za ta ɗauke su rara. Foldar `tmp` da shafi ke bukata ko da babu komai a ciki tana iya tafiya ta nan, sai ka kare ta da `P`.

Mataki na biyar: zuba ƙa'idojin a fayil ɗaya

Ga irin wanda nake ajiyewa a `/root/tacewa.txt`:

```
# na sabar waje ne, kada a taɓa
- /wp-config.php
- /.well-known/
- /wp-content/uploads/
- /wp-content/cache/
# kowa na zubawa
P /takardu/***
# kada su je, idan suna can a kwashe
H /.git/
H /*.sql
H .DS_Store
H Thumbs.db
# ya bi foldarsa
-p error_log
```

Bayani yana zama a layinsa shi kaɗai. Idan ka rubuta shi a gefen ƙa'ida, za a ɗauke shi cikin sunan. Haka ma sarari a ƙarshen layi: ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya kashe ƙa'ida.

Duba `rsync --version` a sabar biyun. A da, kwamfutocin Mac sun yi shekaru suna zuwa da 2.6.9, wanda bai san `p` ba. Tunda ka zo nan, ka sabunta: 3.4.0 da ya fito a Janairun 2025 ya toshe ramukan tsaro guda shida.

Mataki na shida: karanta gwaji da idonka

```
rsync -ain --delete --filter='merge /root/tacewa.txt' \
  /var/www/shafi/ waje:/var/www/shafi/ | grep -E 'deleting|cannot'
```

Layukan da suka ƙare da `/` su ne foldoji, su nake fara karantawa. Kowace ɗaya sai na iya faɗin dalilin tafiyarta. Idan akwai wadda nake sa ran gani ban gani ba, ko na ga wadda ban zata ba, sai na cire `grep`, na ƙara `-vv`. Nan rsync zai riƙa cewa `hiding` ko `protecting`, ya faɗi sunan abin da kuma ƙa'idar da ta kama shi. Gardama ta ƙare ke nan.

Mataki na bakwai: yaushe za a goge

Daga 3.0.0, `--delete` kaɗai yana gogewa ne ana cikin aikawa, folda bayan folda. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan bai kwanta mini ba. Waɗanda ke aiki ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sun san yadda layi ke mutuwa ana tsakiyar aiki. Idan ya mutu bayan an goge tsohuwar folda kafin sabuwa ta iso, shafi ya zauna a karye. `--delete-delay` yana tara sunayen abin da za a goge, sai an gama aikawa ya aiwatar. Shi nake amfani da shi.

Wuri ɗaya ne nake komawa `--delete-after`: idan ana amfani da `-F`, wato fayilolin `.rsync-filter` da ake ajiyewa a cikin foldoji. Sabar waje da nata kwafin take yanke hukuncin gogewa. Idan yau ka rubuta sabuwar kariya a gida, ba ta san da ita ba sai fayil ɗin ya isa, kuma `--delete-after` ne kaɗai ke jira a gama aikawa kafin ya lissafa abin da zai goge. Da `-FF` kuwa fayil ɗin ba ya ma zuwa.

Mataki na takwas: birki

Idan sabar gida ta kasa karanta wani abu, rsync yakan fasa gogewa da kansa, ya rubuta `IO error encountered -- skipping file deletion`. Kada ka rufe masa baki da `--ignore-errors`. Abin da ba ya ganewa shi ne folda wadda babu komai a cikinta. A ce shafin yana kan wani faifai daban, janareta ya tashi, kwamfuta ta kunna amma faifan bai haɗu ba. `/var/www/shafi/` tana nan, wayam. A wurin rsync wannan ba kuskure ba ne, ka goge komai ne da gangan, sai ya yi wa sabar waje haka. Idan cron ne, wato manhajar da ke kunna umarni da kanta a lokacin da aka sa mata, ke tura shi da ƙarfe biyun dare, babu mai gani sai da safe. Ga umarnin da nake bari yana aiki:

```
[ -f /var/www/shafi/index.php ] || exit 1
rsync -ai --delete-delay --max-delete=200 \
  --backup --backup-dir=/root/goge/$(date +%F) \
  --filter='merge /root/tacewa.txt' \
  /var/www/shafi/ waje:/var/www/shafi/
```

Layin farko yana tsayar da komai idan `index.php` ba ya nan. `--max-delete` yana tsayar da gogewa idan ta kai adadin, ya fita da lamba 25, wadda za ka iya sa ta turo maka saƙo. Ka lura 200 ɗin farko sun riga sun tafi, shi ya sa `--backup-dir` ke biye: abin da aka goge ko aka danne, ana mai da shi can ne a sabar waje. Ba shi cikakken adireshi a wajen foldar shafi, domin idan yana ciki jama'a za su iya buɗe shi, kuma tura ta gaba za ta ɗauke shi rara. Ranar da za ka sabunta WordPress ko ka cire babban fulogin, gogewa za ta wuce 200 cikin sauƙi. Ranar ka ɗaga adadin da hannu bayan ka karanta gwaji.

Masu sabar Windows, sunayen ne suka bambanta. A robocopy, manhajar kwafi ta Windows, `/MIR` yana ɗauke da gogewa a cikinsa, `/XD` da `/XF` su ne tacewar folda da fayil, `/L` kuma shi ne gwajin da ba ya taɓa komai. A Web Deploy, manhajar tura shafi ta Microsoft, akwai `-skip` da `-whatif`, da `-enableRule:DoNotDeleteRule` mai hana gogewa baki ɗaya. Kada ka ɗauka suna yi wa folda irin hukuncin rsync. Gina musu filin gwaji irin na mataki na farko, da tsohuwar folda mai fayil ɗaya a ciki, ka ga abin da za su yi.

Bayan tura ta farko da sabon fayil ɗin tacewa, shiga sabar waje ka buɗe `/root/goge/` na ranar, ka bi abin da ke ciki. Idan ka ga hoto ko takardar da ba daga sabar gida ta fito ba, akwai foldar da ka tsallake a mataki na biyu. Mai da kayan wurinsu, ka rubuta mata ƙa'ida, sannan ka kunna cron.